Idan Annoba Ta Shigo Gari: Abin da Tururuwa da Biri Suka Riga Mu Sani

  

Yau sharhinmu a kan annoba ne. Maganar magani da allura mun bar wa likitoci. Mu zaman tare za mu duba. Za mu duba yadda cuta mai yaɗuwa ke sauya gaisuwa, da ziyara, da cin abinci, har da jana'iza. Kuma za mu leƙa wajen dabbobi da ƙwari, domin su ma tana sauya musu zama.

Ku tuna shekarar 2020, shekarar korona. An rufe masallatai da majami'u. An hana taron biki da na suna. Tafsirin azumi ya koma rediyo da talabijin. Mun ga hoton Ka'aba, filin ɗawafi wayam. Mutum ya miƙo maka hannu, ka tsaya kana shawara da zuciyarka. Da yawa daga cikinmu mun ce wannan baƙon abu ne, daga waje aka kawo mana. To, ni a ganina ba baƙo ba ne. Ja da baya daga cuta ya girmi gwamnati, ya girmi asibiti. A cikin halitta yake.

Amma ga maganar da nake so ku riƙe tun yanzu, don zan yi ta maimaita ta. Gudun cuta daban, watsi da mai cuta daban.

Mu fara da tururuwa.

A jami'ar birnin Lozan, a ƙasar Suwizalan, wata mai bincike, Nathalie Stroeymeyt, ita da abokan aikinta sun yi wani aiki na haƙuri. Sun liƙa wa dubban tururuwa 'yar alama a gadon baya, kowace da tata, wadda kyamara ke iya karantawa. Ta haka kwamfuta ta riƙa sanin wa ta haɗu da wa, a ina, kuma tsawon wane lokaci. Gidan tururuwa kuwa da rabon aiki yake. Akwai masu fita neman abinci, yawancinsu tsofaffi. Akwai masu reno, matasa, suna can ciki tare da sarauniya da ƙwai.

Sai masu binciken suka ɗebo wasu daga cikin masu fita. Suka shafa musu ƙwayoyin wata funfuna mai kashe ƙwari, suka mayar da su gida. Me kuke tsammani ya faru? Kafin kwana guda ya cika, zaman gidan ya sauya. Waɗanda aka shafa wa funfunar suka rage shiga ciki, suka fi zama a waje. Ba wanda ya kore su. Ko alamar ciwo ba su fara nunawa ba. Sauran masu fita, waɗanda ba a taɓa ba, su ma suka ja jiki daga masu reno. Masu reno kuma suka kwashe ƙwai da 'ya'ya, suka ƙara nausawa da su can ƙurya. Da aka duba daga baya, sarauniya da ƙanana sun tsira daga mafi yawan cutar. A 2018 aka wallafa wannan bincike.

Babu dokar hana fita. Babu ɗan sanda a bakin rami. Babu sanarwa a rediyo irin wadda kuke ji yanzu. Kowa ya san abin da ya kamace shi.

Haka abin yake a cikin teku. A gaɓar jihar Fulorida ta Amurka akwai wata halitta dangin jatan lande, amma ta fi shi girma, ana ce mata lobsta. Ƙanananta suna taruwa a kogo ɗaya, don tare suka fi tsira daga kifaye masu cin su. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kashe su. Masu bincike sun gano cewa lafiyayyen lobsta yana shanshano mai cutar ta fitsarinsa, tun kafin ya kai ga harbin wani. Da ya shanshano, sai ya bar kogon, ya fita fili, inda kifi zai iya haɗiye shi. Ya gwammace wannan haɗarin da wancan. Ƙudan zuma ma haka. Idan 'ya'yansu suka kamu da wata cuta mai ruɓar da su a cikin saƙa, ma'aikata na jin wari, su fasa ɗakin, su fitar da abin waje.

To, wannan fuska ɗaya ke nan: lafiyayye ya guji mai ciwo. Fuska ta biyu ita ce mai ciwon ya janye kansa. Wannan ba sai mun je Turai ba. Tambayi kowane makiyayi. Zai gaya maka cewa saniyar da ta fara ciwo ita ce a bayan garke. Ta daina tuƙa, ta sunkuyar da kai, ta keɓe gefe guda. Mai kiwon kaji ma ya san kazar da ta takure a lungu. Mu kanmu, idan zazzaɓi ya kama mu, ba ma son hira, ba ma son abinci, bargo kawai muke nema. Masana sun ce wannan kasala jiki ne da kansa ke kawo ta. Yana tattara ƙarfinsa wuri guda don yaƙar cutar. Kuma garin haka, sai mu'amala ta ragu, yaɗuwa ma ta ragu.

Kafin mu wuce, bari in ɗan ratse. Ita ma cuta tana da tata dabarar. Wani lokaci ita ke juya halin wanda ta kama, don ta samu hanyar wucewa. Misali mafi kusa da mu shi ne mahaukacin kare. Ƙwayar cutar na bin jijiya har ƙwaƙwalwa, sannan ta sauko ta cika yawu. Ta hana kare haɗiya, yawu na dalala. Ta cire masa tsoro, ta sa shi yawo da cizo. Karen da jiya yake kaɗa maka wutsiya, yau ya zama abin hawan cuta. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ba ta cika rayuwarta sai a hanjin kyanwa. Idan ta shiga ɓera, sai ta cire masa tsoron warin kyanwa. Sauran labarin kun san shi. Kuma tun da mun ambaci kare: wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Idan alamu suka bayyana, magani ya ƙare.

Mu dawo kan hanya. Yanzu za mu zo inda labarin ya fi daɗi.

A Kudanci da Tsakiyar Amurka akwai jemage mai shan jini. Sunan babu daɗin ji, amma wajen zumunci sai a sara masa. Idan ya yi kamar dare uku bai samu jini ba, mutuwa zai yi. Saboda haka wanda ya ƙoshi yakan amayo wa wanda ya kwana da yunwa. A ƙasar Panama, masu bincike sun yi wa wasu jemagu allurar da ke sa jiki ya ji kamar ya kamu da cuta. Jemagun suka yi laushi. Suka rage lasar juna, suka rage kiran 'yan'uwa. Hira ta ragu ke nan. Amma abinci bai yanke ba. Masu lafiya sun ci gaba da ciyar da su. Uwa kuwa ba ta daina kula da ɗanta ba, ko ita ce mara lafiyar, ko shi ne.

Sai kuma ƙasar Gabon. A can akwai wani babban biri mai fuska ja da shuɗi, ana kiransa mandiril. Zumuncin birai a tsintar gashi yake. Wannan ya zauna ya tsince wa wancan ƙwari da datti, an jima a yi musanya. Wasu masu bincike Faransawa, Clémence Poirotte da Marie Charpentier, sun shafe shekaru suna bin wani garke. Sun lura cewa idan biri ya kamu da ƙwayoyin cutar hanji, sauran na rage tsince masa gashi. Ta warin kashinsa suke ganewa. Ba su kore shi daga garke ba. Tare ake tafiya, tare ake kwana. Taɓa jiki ne kawai ya ragu. Kuma ko a hakan, uwa da 'ya'yanta, da waɗanda suka fito ciki ɗaya, ba su daina yi wa juna ba.

Ga wurin da nake so ku kasa kunne. Masu binciken sun kama wasu daga cikin biran da ake gudu, suka ba su magani, suka sake su. Da cutar ta tafi, sai 'yan'uwa suka dawo suna tsince musu gashi kamar da. Magana ta wuce. Ba wanda ya laƙaba musu suna. Ba wanda ya ce ai gidan su wane akwai abu kaza. Biri ya guji cuta, cuta ta tafi, biri ya komo.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba na so in yi wa dabbobi kwalliyar da ba su da ita. A 1966 cutar shan inna ta shiga cikin biran cimfanzi na dajin Gombe. Gomben Tanzaniya nake nufi, a bakin tafkin Tanganyika, ba tamu ba. Jane Goodall, wadda ta yi suna wajen nazarinsu, ta ba da labarin wani tsohon biri da suke kira Makgirego. Ƙafafunsa biyu suka shanye. Wata rana ya ja jiki da ƙyar ya hau bishiya, ya matsa kusa da wasu da ke tsintar gashi, ya miƙa hannu. Suka tashi suka koma wani reshe. Amma ko a nan an samu guda ɗaya, wanda ake kyautata zaton ɗan'uwansa ne, da ya ƙi yin nisa da shi har ƙarshe.

A nan maƙwabtanmu kuma, a gandun dajin Komowe na arewacin Kodebuwa, akwai wata baƙar tururuwa mai kai wa gara hari. Idan aka ji wa ɗaya rauni a fagen fama, 'yan'uwa na ɗauko ta zuwa gida. Su yi ta lasar raunin. Idan ya fara ruɓa, su shafa masa wani ruwa da jikinsu ke fitarwa, mai kashe ƙwayoyin cuta. Waɗanda aka yi wa jinya, mafi yawansu na tashi. Waɗanda ba a yi wa ba, mafi yawansu na mutuwa. Ashe jinya ma tsohuwar aba ce.

To, masu sauraro, mun ji na dabbobi. Yanzu mu juyo kanmu.

Mu ma Allah Ya yi mana irin wannan hanci. A birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, an yi wa wasu mutane irin allurar da aka yi wa jemagu, da yardarsu. Bayan 'yan sa'o'i aka karɓi rigunan da suka sa, aka ba wasu su shanshana. Masu shanshanawa suka ce warin waɗannan ya fi rashin daɗi. An kuma ɗauki hotunansu sa'a biyu bayan allurar. Masu kallo suka riƙa gane mara lafiya ta leɓe da ya koɗe da ido da ya yi nauyi. Wannan ita ce ƙyama. Tana da amfani. Ita ke hana ka cin abin da ya lalace, ita ke sa ka kau da kai idan an yi atishawa a fuskarka.

Sai dai ƙyama kamar karen gida ce. Tana haushin ɓarawo, tana haushin baƙo. Ba ta bambance mai cuta da mai tabo. Ba ta bambance wanda ke ɗauke da ciwo da wanda ya warke shekara goma da suka wuce. Saboda haka take buƙatar hankali da ilimi su riƙe mata igiya.

Idan an riƙe igiyar, ana ganin alheri. A zamanin Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Halifa na kan hanya, ya iso wani wuri da ake kira Sarga, aka tare shi da labari. Ya tara sahabbai ya yi shawara, ra'ayi ya rabu. Ya yanke hukuncin komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai Abdurrahman bin Auf ya iso, ya sanar da su umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada na waje ya shiga garin da ake annoba, kada na ciki ya fita don gudu.

Mun fi riƙe rabin farko. Rabi na biyu fa? Malamai sun ce cikin hikimar hana fita, akwai kare garuruwan da ke gaba. Akwai kuma wata: idan masu lafiya duka suka tsere, wa zai ba majinyaci ruwa? Wa zai sallaci gawa? Abu Ubaida ya zauna, a nan ya rasu. Mu'azu bin Jabal ma haka. Da jagoranci ya koma hannun Amru bin As, ya umarci jama'a su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa. Addinin da ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su da lafiyayyu a mashaya, shi ne ya mayar da dubiya haƙƙi. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san dokar da ke cikin Littafin Firistoci. A keɓe mai ciwon fata kwana bakwai, a sake duba shi. In ya warke, akwai hanyar da aka tsara ta mayar da shi cikin jama'a. An yi ƙofar fita, an kuma yi ta dawowa.

A Turai, birnin Ragusa na bakin teku, wanda yau ake kira Dubrobnik, ya kafa doka a 1377 cewa duk wanda ya fito daga ƙasar annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shigo. A Ingila kuma akwai wani ƙauye, Iyam. A 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, da ƙuma masu ɗauke da annoba a ciki. Mutanen ƙauyen, bisa shawarar limamansu, suka yarda su rufe kansu, kada su kai wa maƙwabta. Sun yi asarar rayuka kusan 260. Amma ku lura da wani abu. Maƙwabtan ba su bar su da yunwa ba. Ana kawo abinci a ajiye a kan iyaka. Su kuma su bar kuɗi a cikin ruwan tsami.

Nan ne nake da ƙorafi kan abin da ya faru da mu a 2020. A watan Afrilu aka rufe Kano. An ce kowa ya zauna a gida. Ɗan dako fa? Ɗan garuwa fa? Mai shayi, mai faci, mai tallan ƙosai, wanda sai ya fita da safe ake ɗora tukunya da dare? Jemage bai yanke wa ɗan'uwansa abinci ba. Mu kuwa sai a watan Oktoba aka ga jama'a na fasa rumbuna a garuruwa daban-daban, ana fito da kayan tallafin da ba a raba ba. Duk hukumar da ta ce a zauna a gida ba ta aiko da hatsi ba, rabin aiki ta yi. Kuma gobe in ta sake magana, ba za a saurare ta ba.

Yanzu mu dubi abin da ke faruwa idan igiyar ta tsinke.

A watan Fabrairun 1349, mutanen birnin Sitirasbog suka tara Yahudawan garin, ɗaruruwa, suka ƙone su. Zarginsu shi ne wai suna zuba guba a rijiyoyi. A lokacin annobar ba ta ma iso garin ba. Kada ku ce wannan tsohon zamani ne. A watan Afrilun 2020, a birnin Gwanju na ƙasar Sin, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da masaukai, cikinsu har da 'yan Najeriya, wai su ne masu korona. A Amurka kuma 'yan asalin Asiya aka riƙa tarewa a titi. Kowa da wanda yake nunawa da yatsa.

Mu kuma wa muka nuna? Almajirai. Aka loda yara a motoci, wannan jiha ta tura wa waccan, waccan ta mayar wa wata. Da aka gwada wasunsu a inda aka sauke su, aka same su da cutar. Wato mun ɗauki cuta da hannunmu mun raba wa garuruwa. Daidai abin da aka hana mu tun zamanin Amwas.

Sai kuturta. Tun wajen shekarun 1930 aka kafa wuraren jinyar kutare a ƙasar nan: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Gaskiya ne, Bahaushe bai taɓa rufe wa kuturu ƙofar sadaka ba. Har sarauta muka yi musu. Amma je ka nemi auren 'yar wani, a ji cewa kakanka ya yi kuturta. Ga abin da ilimi ya tabbatar. Kuturta ba gado ba ce, ƙwayar cuta ce. Mafi yawan mutane, jikinsu ba ya ma kamuwa da ita. Tana warkewa, kuma tun 1995 maganinta kyauta ne a duniya. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Dungun da kake gani tabo ne na ciwon da ya riga ya tafi. Biri ya komo wurin ɗan'uwansa. Mu har jika muke bi da gori.

Haka muka yi wa masu ƙanjamau. Aka ware musu kwano, aka ware musu kofi, alhali ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo tare. Waɗanda suka tsira daga Ebola a Gini da Saliyo da Laberiya, wasu sun koma gida sun tarar an ƙone kayansu, maƙwabta na gudunsu.

Wani zai ce, to ai gara a yi taka-tsantsan fiye da kima. A'a, ɗan'uwa. Wannan ba taka-tsantsan ba ne, kuma yana da tsada. Tururuwa da ta ji alamar cuta tana fita waje da kanta. Mutum kuwa yana lissafi. Idan ya san cewa faɗin gaskiya zai raba shi da aikinsa, da matarsa, da mutuncinsa, shiru zai yi. Zai danne tari a cikin sahu. Zai ce shawara ce, ko sanyi ne. Zai bi dare ya sayi ƙwaya a kemis. Yana nan cikinmu, yana ci da mu, cuta na tafiya. Gori ba ya korar cuta. Ɓoye ta yake sa a yi. Gudun cuta daban, watsi da mai cuta daban, kuma watsin shi ke ba cuta mafaka.

Ebola ta koya wa Afirka ta Yamma wannan darasi da tsada, fiye da rai dubu 11. Gawar mai Ebola ta fi mai rai haɗari. Da farko sai ma'aikata su zo cikin fararen kaya, su saka gawa a leda, su tafi da ita. Dangi ba su ga fuska ba, ba su san kabari ba. Jama'a suka fara ɓoye marasa lafiya, suna wankan gawa cikin dare. A wani ƙauye na Gini, Wome, har kashe mutum takwas aka yi cikin ayarin masu wayar da kai. Sai da aka zauna da limamai da fastoci da sarakuna. Aka yarda a yi taimama a madadin wanka, a sa likkafani, dangi su tsaya daga nesa su yi salla, su ga inda aka binne nasu. Da aka mutunta mamaci, sai masu rai suka buɗe ƙofa.

A Legas kuma, a watan Yulin 2014, wani matafiyi daga Laberiya ya sauka da cutar. Likitar da ta duba shi, Dokta Ameyo Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta tsare shi, kuma ta yi jinyarsa. Ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutane kusan 900, gida gida, suna auna zafin jikinsu kullum. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola. Ruwan gishirin da aka tashe mu da asuba muka sha don gudun Ebola, muka yi wanka da shi, bai tsare kowa ba. Wasu ma shi ya yi ajalinsu. Abin da ya tsare mu shi ne keɓewa tare da kulawa.

Mun ce zumunta a ƙafa take, kuma gaskiya ne. Ba wanda zai raba mu da dubiya. Amma dubiya ba sai mutum goma sha sun cika ɗaki, an rufe taga, kowa da goyo a baya ba. Lokacin sanƙarau, ko mashaƙo, ko ƙyanda, ko amai da gudawa, a bar yara a gida. A tsaya daga bakin ƙofa a yi sannu, a yi addu'a. A aiko da kunu. A biya kuɗin magani in da hali. A buga waya da dare a ji yadda ya kwana. Mai jinya guda ɗaya ya isa, a ba shi sabulu da ruwa, a kuma karɓe shi idan ya gaji.

Jama'a masu sauraro, roƙona gare ku a yau ƙarami ne. Idan akwai wanda ya haura mako biyu yana tari a gidanku ko a unguwarku, kada ku yi ta raɗa a bayansa. Ku raka shi asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya riƙe magani, cikin 'yan makonni haɗarin ya harbi wani ke raguwa ƙwarai. Idan kuma akwai wanda ya yi jinya ya warke, har yau ana ware masa kwano, ku kira shi ku ci tare da shi a daren nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Ya saka wa masu jinya da alheri.